Yadda Ake Ƙarfafa Aksul ɗin Gaba na Land Cruiser Ba Tare da Wutar Walda Ta Lanƙwasa Shi Ba

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban Land Cruiser a-kori-kura wadda ta shekara tana zirga-zirga tsakanin Agadez da Dirkou, ko wadda ke shiga ƙauyukan da damina ke cinye hanyarsu, ya kuma dubi tayoyinta na gaba da kyau, wataƙila ya lura cewa kawunansu sun ɗan karkata zuwa ciki. Direbobi da yawa sukan ɗauka tsufa ne kawai ya kama motar. Sau da yawa kuwa bututun aksul ɗin ne ya lanƙwashe, saboda motar ta sha faɗawa rami da gudu tana ɗauke da lodin da ya fi ƙarfinta. Daga nan sai man giya ya fara tsatsafowa, taya ta riƙa cinyewa ta gefen ciki, sitiyari ya daina tsayawa wuri ɗaya.

Wannan jagora ta ɗauki aksul ɗin gaba na Land Cruiser samfurin 80, wanda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, a matsayin abin misali, domin tsarinsa ya yi kama ƙwarai da na samfurin 79 da ya fito a 1999 kuma yake ko'ina a hanyoyin Sahara. Abin da nake so mai mota da makanike da mai walda su riƙe tun daga farko shi ne, jerin aikin ya fi yawan ƙarfen muhimmanci. Aksul ɗin da aka lafta wa ƙarfe alhali yana lanƙwashe, ko wanda zafin walda ya ja shi, ya fi wanda ba a taɓa ba lalacewa, domin an daskarar da aibinsa ke nan a cikin ƙarfe mai kauri.

A fara da sanin inda rauni yake

Aksul ɗin gaba na waɗannan motoci sanda ɗaya ce daga taya zuwa taya. A tsakiyarsa, amma ya fi kusa da hannun dama, akwai kumburarren wuri mai kama da tulu, inda giyoyin da ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin biyu suke zaune. Saboda tulun ya karkata dama, bututun hagu ya fi tsawo, kuma dogon bututu ya fi saurin lanƙwasa. A kowane ƙarshe akwai ƙwallon ƙarfe da aka haɗa da bututun, a kansa kuma gwiwar da ke juya taya take lilo bisa boris biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. A cikin ƙwallon ne gaɓar da ake kira Birfield take, wadda ke isar da ƙarfin shaf, wato sandar da ke juyawa a cikin bututun, zuwa taya ko da an murɗa sitiyari.

Wurare huɗu ne suka fi ba da matsala: dogon bututun, wuyan da ƙwallon ya haɗu da bututu, kusoshi huɗu da ke riƙe hannun sitiyari a jikin gwiwa, sai kuma gaɓar Birfield tare da giyoyin cikin tulu. Biyun farko aikin walda ne, biyun ƙarshe aikin sifana da kayan gyara ne. Ba kowace mota ce ke bukatar dukkansu ba. Motar da ke kan tayarta ta asali, kamar 7.50R16, wadda kuma ba ta ɗaukar lodi fiye da ƙima, galibi gyaran gwiwa mai kyau ya ishe ta. Wadda aka sa wa taya mai inci 35, ko aka ɗora mata babbar bamba da injin jan mota a gaba, ko take ɗaukar durom-durom na mai da ruwa a kan rairayi da duwatsu, ita ce ke bukatar aikin gaba ɗaya.

Masu Hilux na zamani su sani cewa ƙafafun gaban motarsu kowace cin gashin kanta take yi, babu sanda ɗaya da ta haɗa su, don haka yawancin abin da ke tafe bai shafe su ba.

Mataki na farko: bincike tun motar tana kan ƙafafunta

A ajiye motar a kan daɓen siminti mai shimfiɗa daidai, a daidaita iskar tayoyin gaba, a miƙe sitiyari. A ɗora ma'aunin magina mai ruwa a tsaye a jikin kowane rim, a gwada karkatarsa. Kan tayar Land Cruiser lafiyayya yakan ɗan buɗe waje kaɗan, wajen digiri ɗaya. Idan kan tayar ya shige ciki, ko kuma hagu da dama sun bambanta a fili, akwai abin dubawa. Sai dai kada a yanke hukunci nan take, domin boris ɗin gwiwa ko na taya da ya mutu shi ma yana kawo irin wannan karkata. A ɗaga motar, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga, wani ya taka birki a sake jijjigawa. Idan motsin ya ɓace da taka birki, boris ɗin taya ne. Idan ya ci gaba, na gwiwa ne.

Daga nan a leƙa bayan gwiwa. Ɗan danshin giris a jikin ƙwallon ba laifi ba ne. Amma idan aka ga wani baƙin ruwa mai kauri kamar kunu yana ɗiga a cikin rim, to sil ɗin da ke raba man giya da giris ya mutu, man ya shiga ya narkar da giris ɗin. A tambayi mai motar sau nawa aka canza wannan sil. Idan an canza shi sau biyu ko uku a cikin shekara guda a ɓangare ɗaya, ni a wajena wannan ya fi kowace alama ƙarfi, domin shaf ɗin da ba ya tafiya a tsakiyar bututu yana cin sil ta gefe guda, komai kyawun sil ɗin.

Mataki na biyu: a sauke aksul ɗin, a tuɓe shi sarai

Akwai masu yin waldar aksul yana jikin mota. Ba na ba da wannan shawara, ko da an cire kan batir. Mai walda ba ya ganin saman bututun da kyau, ba a iya auna miƙewa, kuma zafi yana ƙona sil da giris da ke ciki. A tokare shasin motar da ƙafafun ƙarfe masu ƙarfi, kada a dogara da jak ko bulo. A zubar da man giya, a kwance firofela bayan an yi mata alama da fenti domin ta koma yadda take, a cire bututun birki, sandunan sitiyari, shokazoba, sifirin, sandar da ke hana aksul gocewa gefe, da hannuwa biyu da ke riƙe shi a jikin shasi.

Wajen kwance gwiwa za a bukaci soket mai milimita 54 don manyan notocin taya. A ƙarƙashin wasu notocin akwai ƙananan washa masu siffar mazurari waɗanda ke maƙalewa. A ɗora guntun tagulla a kan kusar a buga da guduma, za su fito da kansu, kada a cusa cizal a ɓata fuskar ƙarfen. Siraran farantan da ke ƙarƙashin murfin boris ɗin gwiwa, waɗanda makanikai ke kira shim, a ɗaure na hagu daban na dama daban, a rubuta. A zare shaf biyu tare da Birfield ɗinsu, a cire giyoyin tulu gaba ɗaya, a fitar da tsofaffin sil.

Sai wanki. A wanke ciki da waje har sai babu sauran mai, a bar shi ya bushe ƙarau. Inda aka yi wanki da fetur, kamar yadda aka saba a garejinmu, kada a kunna walda sai warin ya tafi gaba ɗaya, domin tururin da ya taru a cikin bututu yana iya kamawa. Haka kuma kada a goge wurin walda da maganin feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, saboda idan wutar walda ta same shi yakan rikiɗe ya zama iskar guba mai lalata huhu. A gurje fenti da tsatsa a duk inda za a yi walda har ƙarfe ya yi fari, sannan a duba wuyan ƙwallaye da gindin kunnuwan da ke riƙe hannuwa ko akwai tsaga.

Mataki na uku: awo da miƙarwa

Nan ne mafi yawan masu aikin ke tsallakewa, kuma nan ne ake cin nasara ko a faɗi. Abin da ake bukata shi ne miƙaƙƙiyar sandar ƙarfe, daskararriya, mai kaurin kimanin milimita 38, wadda ta fi aksul ɗin tsawo, tare da zobba huɗu da masu injin sassaƙa ƙarfe za su yi daidai da awo. A wurare irin su Panteka ta Kaduna ana samun masu iya wannan aiki. Zobba biyu suna zama a gurbin boris ɗin da ke riƙe giyoyi a cikin tulu, bayan an mayar da gidan giyar babu komai a cikinsa. Sauran biyun suna zama a gurbin sil na kowane ƙarshe. Kafin a yarda da sandar kanta, a mirgina ta a kan tebur mai shimfiɗa a ga ko tana rawa.

A zura sandar ta ratsa zobban tsakiya. Idan aksul ɗin lafiya yake, zobban ƙarshe za su shige gurbinsu da turin hannu, kuma sandar za ta juya ba tare da cijewa ba. Idan zoben ya tsaya a bakin gurbi, gefe ɗaya ya taɓa ɗaya ya bar rata, wannan ratar ce ke nuna girman lanƙwasar da kuma inda ta nufa. Yawanci ƙarshen bututun sama yake tashi, domin ƙasa tana tura taya sama yayin da nauyin mota ke danna sifirin ƙasa.

Ƙaramar lanƙwasa ana miƙe ta da injin matsa ƙarfe, kaɗan-kaɗan, ana saki ana aunawa, tunda ƙarfe yakan ɗan dawo baya bayan an sake shi. Amma bututun da ya tanƙware har ya yi ƙugu, ko ƙwallon da ya tsage a wuya, bai cancanci a ɓata masa kuɗi ba. A nemi wani gidan aksul ɗin a kasuwar kayan mota irin Ƙofar Ruwa ta Kano, a kuma tafi da sandar awo a gwada shi a can kafin a biya, domin na hannu ma yakan zo da nasa ciwon.

Mataki na huɗu: yanka gada da matokarai

Gada ita ce ƙarfen da ake ɗorawa a saman bututun, ta taso daga kan tulu ta miƙe zuwa wajen mazaunin sifirin, musamman a dogon ɓangaren. Ƙarfinta yana fitowa ne daga tsayinta da siffarta fiye da kaurinta. Faranti mai milimita 5 ko 6 da aka naɗe shi ya zama kamar kwalbati a kife, mai bango biyu da rufi, ya fi tsinken ƙarfe mai kauri da aka kwantar a kan bututu amfani nesa ba kusa ba. Rodin gini da guntun sifirin mota ba kayan wannan aiki ba ne. Na farko ba shi da siffar da za ta hana lanƙwasa, na biyun kuwa yana tsagewa a gefen walda.

A fara yanka siffar a kwali, a gwada ta a jikin aksul har ta kwanta ko'ina, sannan a mayar da ita kan faranti. Duk ratar da aka bari tsakanin gada da bututu sai an cike ta da walda, ƙarin walda kuwa ƙarin zafi ne da ƙarin ja. Ƙarshen gadar ya riƙa sirancewa a hankali har ya ɓace a jikin bututu, domin inda ƙarfe mai tauri ya yanke farat ɗaya, nan ne lanƙwasa ko tsaga za ta koma.

Matokarai kuwa ƙananan faranti ne masu kusurwa uku da ake sawa a wuyan ƙwallo, sama da ƙasa, su haɗa shi da bututu. A yanka su gajeru yadda gwiwa za ta juya iyakarta ba ta taɓa su ba, kuma kada su hau santsin ƙwallon inda sil ɗin shara, wato wanda ke bayan gwiwa yana share datti, ke gogawa. Idan motar tana bin duwatsu, a ƙara faranti a gaban tulu da ƙasansa, amma a bar hanyar kusar zuba mai da ta zubar da shi a buɗe.

Kafin a yi cikakkiyar walda, a ɗiga wa gadar walda a wurare kaɗan kawai, a mayar da gidan aksul ɗin ƙarƙashin mota ba tare da sifirin ba, a ɗaga shi da jak har ya danne robobin da ke tare shi. A duba ratar da ke tsakanin gada da kaskon baƙin mai na inji, da sandar hana gocewa, da sandunan sitiyari. A sake ɗaga gefe ɗaya a saki ɗaya a duba. A tuna cewa roba tana ƙara matsewa idan mota ta faɗa rami da gudu, saboda haka a bar rata ta kamar yatsu biyu. Wannan gwaji yana cin rabin yini, amma gadar da ta fasa kaskon mai a tsakiyar hamadar Tenere ta jawo asarar inji ne gaba ɗaya.

Mataki na biyar: waldar kanta

Walda tana raguwa idan ta huce, kuma tana jan ƙarfen da ke gefenta zuwa wajenta. Tunda gadar a sama take, dukkan jan zai so ya ɗaga ƙarshen bututun sama, wato daidai irin lanƙwasar da ake gudu. Na taɓa kai aksul wani gareji inda mai waldar, mutum ne mai hannu ƙwarai, ya zuba layi ɗaya tun daga tulu har ƙarshe ba tare da ya ɗaga hannu ba. Waldar ta fito sumul kamar an jera tsabar kuɗi, muka tsaya muna yabawa. Da muka zo mayar da dogon shaf, sai da muka dafa shi da ƙarfi kafin ya shiga, kuma kafin wata guda man giya ya jiƙe rim ɗin hagu. Garin neman gira muka rasa ido, kuma laifin rabi nawa ne, domin ni ne na ce ina son motar a ranar.

Ga yadda ya kamata a yi. A ɗaure gidan aksul ɗin a kan katon ƙarfe mai nauyi, kamar bim ɗin gini, a tsakiya da kuma ƙarshe biyu. A bar sandar awo a ciki tare da zobbanta. A naɗe santsin ƙwallaye da fata ko jiƙaƙƙen tsumma domin kada tartsatsi ya manne musu. A maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin bututun, kusa da inda ake aiki.

Gidan aksul ɗin Toyota na farantin ƙarfe ne da aka matsa aka haɗa, don haka yana karɓar walda ba wahala. Sandar walda mai lamba E7018 ta dace da shi, da sharaɗin a bushe take. Wadda ta sha danshin damina tana barin ƙananan ramuka da tsaga a ɓoye. A ɗan ɗumama wuyan ƙwallo da wutar gas kafin a fara, saboda ƙarfen wurin ya fi kauri kuma yana shanye zafi da sauri.

A yi walda guntu-guntu, kowane guntu kada ya wuce santimita 3. A yi ɗaya a bangon gaba, a koma can nesa a yi ɗaya a bangon baya, a tsallaka ɗaya ɓangaren tulun, a dawo. Bayan guntu huɗu ko biyar a dakata har sai an iya ɗora tafin hannu a kan bututun an bar shi. A kowane hutu a juya sandar awo da hannu. Muddin tana juyawa, aiki yana tafiya daidai. Da zarar ta fara cijewa, a tsaya, a bar komai ya huce sarai, a ga inda ya ja, sannan a sa guntu na gaba a inda zai mayar da shi. Aikin yana iya cin yini ɗaya ko biyu, kuma ya kamata mai mota ya yi ciniki da mai walda a kan haka tun farko, domin wanda aka biya kuɗin awa biyu ba zai zauna jiran ƙarfe ya huce ba.

Kada a kewaye bututu da zoben walda a wuri ɗaya. Layukan su bi tsawonsa. Kada a zuba ruwa don a gaggauta hucewa, domin yana sa wurin ya yi tauri mai saurin karyewa. A lokacin hunturu, iska kaɗai tana iya sanyaya walda da saurin da bai kamata ba, saboda haka a kare wurin aikin, idan an gama kuma a rufe aksul ɗin da busasshen yashi ya kwana. Sai washegari a kwance shi daga bim, a sake zura sanda yana sake, domin awon da aka yi yana ɗaure ba ya faɗin gaskiya duka. A toshe gadar ko'ina yadda laka ba za ta shiga ba, ko kuma a bar mata ramukan fitar ruwa a ƙasa, sannan a yi fenti.

Ga masu Jeep Wrangler mai aksul Dana 30 ko Dana 44, akwai bambanci ɗaya babba: tulunsu na zubin ƙarfe ne, kuma haɗa shi da faranti yana bukatar a gasa shi sosai, a yi amfani da sanda mai sinadarin nikel, a kuma sanyaya shi a hankali ƙwarai. Wanda bai saba ba ya tsaya a kan bututu kawai.

Mataki na shida: kayan ciki

A wanke Birfield a duba kejin da ke riƙe ƙwallayensa shida da hanyoyin da suke bi. Tsaga a keji ko rami mai zurfi a hanya yana nufin canji. A mota mai babbar taya ko mai makullin giyar gaba, ana sa shaf da Birfield na ƙarfen 4340, wanda ake kira kuromoli, domin ya fi jure murɗa. Sai dai a san cewa ƙarfi ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa. Idan Birfield ya daina karyewa, abin da ke biye da shi a rauni shi ne babbar giyar tulu da ƙaramarta, waɗanda suka fi tsada kuma suka fi wuyar gyara a daji. Shi ya sa ba na ganin hikimar sa kuromoli a motar da ke kan tayar asali.

Babbar giyar gaba ta samfurin 80 mai inci 8 ce, kuma an yanka haƙoranta ne domin su yi ƙarfi idan ana tafiya gaba. A ribas, nauyi yana komawa kan raunannen gefen haƙori, yana ƙoƙarin raba giyoyin biyu. Saboda haka a ba wa gwanin giya ya duba matsin boris ɗinta da yadda haƙora ke cizon juna, kuma a maye gurbin zoben nan mai matsewa da ke kan ƙaramar giya da daskararren zobe mai shim, wanda ba ya saki idan ya sha duka. A kuma ja bututun numfashin aksul da tiyo zuwa can sama cikin gidan inji, domin aksul mai zafi da ya shiga rafi yakan tsotsi ruwa.

Mataki na bakwai: haɗa gwiwa

A sa sababbin boris ɗin gwiwa tare da mazauninsu, na kamfanin da aka sani irin Koyo, da sabon sil na ciki wanda za a buga shi a miƙe, a shafa wa leɓensa mai. Kusoshi huɗun hannun sitiyari, waɗanda a samfurin 80 suke ƙasan gwiwa, a canza su duka idan ɗaya ya miƙe ko ya taɓa kwancewa. A wanke ramukansu, a sa musu gam ɗin kulle zare, a sa sababbin washa masu mazurari, a ɗaure notocin da sifana mai awo zuwa Nm 96 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri da ke jikin sifanar). Waɗannan kusoshi idan suka saki sukan karye gaba ɗaya, kuma a lokacin gwiwa da sitiyari suke rabuwa da mota tana tafiya.

Kafin a sa sil ɗin shara da sandar sitiyari, a rataya ƙaramin sikeli mai ƙugiya, irin na masu awon kaya, a ramin ƙarshen hannun sitiyari, a ja. A samfurin 80 gwiwar ta motsa a tsakanin kilo 2.5 da 4.5. Idan ta yi sako-sako a rage shim, idan ta yi tauri a ƙara. Sauran samfura suna da nasu adadin a littafin kamfani.

A cusa giris mai sinadarin moli, baƙin nan, a cikin Birfield har ya fito ta ɗaya gefen, a cika gidan gwiwa kimanin kashi uku cikin huɗu. Boris ɗin taya kuwa nasu giris ɗin daban ne. Wajen zura shaf a tallafe shi kada ya ja a kan leɓen sabon sil. Idan aikin walda ya yi kyau, zai shige da hannu ba tare da an dafa ba. A ɗaure notin taya na ciki zuwa Nm 59 ana juya hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a jikinta, domin boris su zauna, a sassauta, a sake ɗaurewa kaɗan, a sa washa mai kunne, a ɗaure na waje zuwa Nm 64, a lanƙwasa kunnen. A zuba man giya 80W-90 mai lambar GL-5 har ya kai bakin rami, a fitar da iska daga birki.

A duba kusoshin da ke tsayar da sitiyari a ƙarshen juyinsa, domin idan sun lotse ko an cire su, Birfield yana karyewa ne a kusurwar da ta wuce iyakarsa. Idan kuma an ɗaga motar da dogayen sifirin, aksul yakan mirgina gaba ya rage kwanciyar da gwiwa ke yi zuwa baya daga kusan digiri 3 na asali, sai motar ta riƙa yawo a titi. Ana gyara wannan da bushin na musamman a hannuwan da ke riƙe aksul.

Mataki na takwas: gwaji

A ɗaure notocin bushin ne bayan motar ta sauka a kan tayoyinta, sannan a kai ta a daidaita tayoyin gaba. A yi tafiyar kilomita kaɗan a kan kwalta, a tsaya a taɓa hob biyu. Ɗumi ba laifi, zafin da ke ƙona hannu yana nufin an matse boris. A shiga hanya marar kyau a hankali, a murɗa sitiyari iyaka hagu da dama ana sauraro. Bayan tafiyar farko mai nisa a sake bin notocin hannun sitiyari da na taya da sifana mai awo, a share gadar a duba ƙarshenta da wuyan ƙwallaye ko fenti ya tsage a siririn layi, domin tsagar ƙarfe a fenti take fara bayyana.

Direban da zai karɓi motar a gaya masa abu huɗu a fili. Kada ya ja wata mota da ribas. Ya juya ya ja ta da gaba. Idan taya ta fara tsalle tana kamawa tana saki a kan dutse, ya ɗaga ƙafa daga totur nan take, musamman idan sitiyari a murɗe yake. A cikin rairayi kuma ya rage iskar taya, ya mayar da ita idan ya hau ƙasa mai tauri, sannan ya riƙa leƙa bayan gwiwa duk lokacin da ya tsaya shan mai.